Ruwan Inabina da na Dakta Yohanna

Kusan duk Asabar sai ɗaya daga cikinku ta miƙo min waya ta ce, "Mama, kalli, ga wata tana yin khal a minti uku." Nakan karɓa in kalla har ƙarshe, don ba na son gwale yarinya. Matar ta yanka tuffa, ta zuba ruwa, hoto ya juya, sai ga khal garau a kwalba. Kwana arba'in ɗin da ke tsakanin yankan da kwalbar su ne ba a nuna muku, kuma a cikinsu sana'ar take. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda na same ta, ku 'yan matan da iyayenku suka haifa a Dubai ko suka kawo karatu, ko wata a cikinku za ta ɗauka da gaske.

Khal dai shi ne ruwan nan mai tsami da ake zubawa a salak da kwaɗo, wanda wasunku ke kira binega. Ni na dabino da na inabi nake yi.

Aikina na farko a wannan sana'a wankin randa ne. Lokacin Amira tana goye a bayana, babanta yana fita kamfanin kago, na jigilar kaya, tun da sassafe, ni kuma ina zaune a fulat ɗinmu na Karama, ba dangi ba ƙawa. Wata rana na kai ɗinki unguwar Satwa, ina jiran tela ya gama, sai wani ƙamshi mai tsami ya fito daga wata ƙofa. Na leƙa na yi sallama. Wata tsohuwa 'yar Yaman ce, ana ce mata Ummu Salim, tana zaune a tsakiyar randuna bakwai, kowacce an ɗaure bakinta da farin ƙyalle kamar jarirai a ranar suna. Da guntun Larabcina na Islamiyya na ce ina son in koya. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta nuna min wata randa da soso. Wata uku ina wanki da cire ƙwallon dabino, ba ta taɓa barin hannuna ya kusanci randar da ke aiki ba. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Shwaiya shwaiya, ya binti." Wato a hankali.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Randa ta ƙasa ko babbar kwalbar gilashi. Tukunyar dalma kuwa khal cinye ta yake yi, ya fito baƙi. Muciya ta itace, wadda ba ta taɓa shiga tuwo ko miya ba. Ƙyallen tata na auduga, a wanke shi ba sabulu mai ƙamshi. Ruwan famfon garin nan sai an tafasa an bar shi ya kwana. Sai wurin ajiya: kusa da na'urar sanyi randa barci take yi, a baranda kuma zafin bazara ya kashe ta. Ni a ƙarƙashin kantar kicin na samo wa nawa wuri, har yau can suke. Sai uwa, wani abu mai santsi kamar tantani da ke tasowa a saman khal mai lafiya. Da ita ake kama sabuwar randa, kamar yadda ake kama nono da tsohon nono.

Randar farko da Ummu Salim ta bar min ni kaɗai, ɓata ta na yi. Ƙananan ƙudajen nan masu son zaƙi sun dame ni, sai na ga ai ƙyalle ba ya tare su sosai. Na samo leda mai kauri na rufe bakin, na ɗaure da roba tam, ina ganin na yi dabara. Bayan mako guda tsohuwar ta zo dubawa. Tun kafin ta kwance ta tsaya cak. Da ta buɗe, wani wari ya taso mai hawa kai, ba tsami ba, ba ruɓa ba. Ta ce, "A'uzu billahi! Wa ya ce ki toshe mata iska? In kika toshe, giya za ta ba ki." Ta sa na ɗauki randar da kaina na juye a makwarara, na wanke sau uku, na shanya a rana. Ranar ta koya min ƙa'ida biyu. Ba a rufe randa da abin da iska ba ta ratsawa. Kuma kafin a zuba ruwan dabino ko na inabi, tsohon khal ake fara zubawa a ƙasa da bismilla, don kada ruwan ya samu ko yini ɗaya da za a kira shi da wancan suna.

Dabino daga garin Hatta nake sayowa. Idan kaka ta yi, Baban Amira yakan ɗauki hutu, mu cika mota da yara da kwanduna mu hau hanyar duwatsu. Akwai wani manomi da ke ajiye min wanda ya nuna ya wuce, wanda 'yan kasuwa ba sa so saboda ya yi laushi. Shi ne ya fi zaƙi, shi ne kuma ya fi yin khal mai jiki. Yara su yi ta guje-guje a bakin dam, mu ci shinkafa a gindin dabino, mu dawo motar tana ƙamshi har sati. Yanzu yaran sun girma, hanyar ta cika da masu yawon buɗe ido, manomin ma ɗansa ne a gonar, kuma ta waya muke magana.

Masu sayena na farko matan 'yan kasuwar Kano ne. Wata ta ɗanɗana a gidan suna, ta gaya wa wata. Can sai alhazai suka fara sa kwalabena a cikin kaya suna kai wa iyalansu gida. Akwai Alhajin da ya dage sai na rubuta a jikin kwalba cewa yana maganin hawan jini da sukari da sanyin ƙashi. Na ce, "Alhaji, ni dai na san yana gyara kwaɗon zogale." Ya ce, "Hajiya, ba ki iya kasuwa ba wallahi." Ya tafi, bayan sati biyu ya dawo ya sayi goma. Akwai kuma wata 'yar Maraɗi mai gidan abinci a bayan layinmu, wadda kullum sai ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan ya cika faɗa," sannan ta ce a ƙaro mata.

A gidan abincinta Dakta Yohanna ya ci salak ya tambayi wa ke yin khal ɗin. Malami ne a sashen abinci na wata jami'a a nan, mutumin kudancin Kaduna, Kirista, Hausa a bakinsa kamar ta Zazzagawa. Ya zo gidanmu ranar hutu ya zauna da Baban Amira a falo, ni ina daga ƙofar kicin. Ya ce sashensu ya samu tallafi daga wata ƙungiyar manoman inabi ta ƙasar Turai, don horar da malamai. Za a kawo mata shida daga kwalejojin gida, su yi wata uku a nan suna koyon aikin hannu, su koma su koyar da ɗalibansu, tunda an fara noman inabi a wajenmu. Masu tallafin sun sa sharaɗi: dole a samu wadda ta san aikin da hannunta, mai jin harshen ɗaliban, ita za ta koyar, ita kuma za ta sa hannu a takardar kowacce a ƙarshe.

Ya ce, "Amma Hajiya, bari in faɗa miki tun yanzu. Aikin ruwan inabi ne fa. Babu damuwa?"

Na ce, "Ruwan inabi? Ai kowane azumi sai na matse wa yaran nan, da shi suke buɗe baki."

Ya dubi Baban Amira. Ya sake cewa, "Ruwan inabi nake nufi, Hajiya."

Na ce, "Na ji, Dakta. Shekara nawa ina matsar inabi?"

Ya yi dariya ya ce to madalla. Daga baya ya gaya min ya ɗauka raha nake yi da zancen azumin, irin ta waɗanda suka daɗe a waje. Takardar da ya bari kuwa na karanta ta da Turancina na sakandare. Sunan kwas ɗin wata doguwar kalma ce da ban taɓa ji ba, ƙarshenta irin na bayoloji. Na ce a raina sunan ilimin inabi ke nan a wajen 'yan boko. Na sa hannu.

Makonni biyar na farko, ban taɓa jin daɗin aiki kamar su ba. Ni da ban wuce aji shida na sakandare ba, ga ni da farar riga a kan hijabi, a ɗakin gwaji, malaman makaranta suna rubuta abin da na faɗa. Huɗu Musulmi ne, biyu Kirista. Da asuba motar jami'a ta kai mu kasuwar 'ya'yan itatuwa, in nuna musu yadda ake ɗaga nonon inabi a girgiza, in 'ya'yan suka zube ya kwana biyu. In nuna musu farar ƙurar da ke jikin ɓawon, wadda ba a son a wanke ta ƙal. Mu dawo mu tsince, mu matse da hannu, mu tace. Da rana Dakta ya ɗauke su darasin aji, na yadda ake tsara koyarwa. Ni ba na shiga wannan.

A cikinsu akwai Malama Rabi, daga Funtuwa. Ita ce babba, ita ce kuma mai baki. Shekara goma sha tana koyarwa a firamare, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Kwalejin horar da malamai ta garinsu ta yi mata alkawarin gurbi in ta dawo da takardar wannan kwas, don haka ta ajiye aikin firamaren ta taho. Hannunta ya fi na kowa. Ita ke tsokanata: "Farfesa, yau me za mu tsotsa?" In na gyara mata riƙon ƙyalle ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Farfesa, mu 'yan ƙauye ne, da zani muke tata."

A mako na shida akwatuna suka iso daga wajen masu tallafi. Ranar ban je ba, Amira ce ba lafiya na kai ta asibiti, na ƙara kwana biyu a gida. Da na koma, tun daga bakin ƙofar ɗakin gwajin na tsaya. Warin nan ne na Satwa, bayan shekaru masu yawa, hancina bai manta ba. Na shiga na ga manyan kwalabe huɗu na gilashi cike da inabin da muka matse. An toshe bakin kowacce da roba, an soka wani lanƙwasasshen bututu mai ɗan ruwa a ciki, yana ta ɓul, ɓul, iska na fita ba ta shiga. Ma'aikacin ɗakin ne ya haɗa, yadda littafin da ya zo da kayan ya nuna.

Na ce, "Innalillahi! Wa ya toshe waɗannan? Ku buɗe, za su lalace!"

Dakta ya shigo da fara'arsa ya ce, "A'a Hajiya, haka ake yi. In iska ta shiga ai khal zai zama."

"To me muke so ya zama?"

"Ruwan inabi mana."

"Dakta, wannan giya ce."

Ya sauke takardun hannunsa a kan tebur a hankali. "Hajiya, sau biyu na tambaye ki a falonki."

"Ruwan inabi ka ce min!"

"To, ai sunansa ke nan. Mu a coci haka muke kiransa tun muna yara. Giya kuma ai burkutu ce da ta kwalba."

Ɗaya daga cikin Kiristocin, Malama Laraba, ta dafa ƙirji ta ce ita tun ranar farko take mamakinmu, har ta kira mijinta ta ce lallai Musulmin Dubai daban suke. Rabi kuwa ta zauna a kan kujera ta ce su a kwalejinsu "sarrafa inabi" aka rubuta musu a Hausa, ita ta ɗauka lemon kwalba za ta koma tana koya wa ɗalibai. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya a ɗakin nan. Hausa ɗaya muke ji, kalma ɗaya muka faɗa, kowa da abin da ya gani a ransa.

Na cire farar rigar na ninke na ajiye. Dakta mutumin kirki ne, ba zan rage masa ba. A ranar ya rubuta wa masu tallafin, ya ce a mayar da kwas ɗin na khal da ruwan sha, ya haɗa da hotunan aikinmu. Muka jira kwana goma. Amsa ta zo cewa su kuɗinsu na koyar da wancan ne, don shi suka kafa ƙungiyarsu. Duk wadda ta kammala shi za a ba ta takarda, wadda ba ta yi ba, tikitinta na komawa yana nan.

Da yammacin ranar Rabi ta zo Karama ita kaɗai. Ta same ni ina cire ƙwallon dabino, ta wanke hannu ta zauna tana taya ni. Mun yi rabin kwando kafin ta yi magana.

"Hajiya, na yi tunani. Mu huɗun nan ba mai taɓa kwalaben can. Ki ci gaba da koya mana khal ɗinki a gefe. In wata uku ya cika, ki sa hannu kawai. Su waɗancan suna Turai, ina za su sani?"

Na ce, "Takardar me ta ce?"

"Ta ce kin koya mana."

"Na koya muku me?"

Ta jefa ƙwallo a kwano da ƙarfi. "Kalmar da ni da ke ba mu ma iya faɗarta ba! Wa zai karanta ta a Funtuwa?"

"Yanzu ai mun san ma'anarta, Rabi. In na sa hannu, ko dai na yi shaidar abin da ban yi ba, ko na amsa cewa na koyar da giya. Wanne zan ɗauka?"

"Ke kina da miji mai albashi, kina da randunanki. Ni na ajiye aikina na taho. Yara huɗu, Hajiya. Me zan ce wa uwata da na bar mata su?"

Na ajiye dabinon da ke hannuna. Na ce in akwai abin da zan iya da hannuna zan yi, ban da sa hannun. Ta tashi ta ɗauraye hannu, ta yafa mayafinta. A bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba ki ladan tsoronSa. Ni kuma Ya ba ni abin da zan ci." Ta ja ƙofar.

Laraba da ɗayar Kiristar suka ƙarasa kwas ɗin da ma'aikacin ɗakin gwajin, aka samo wani daga wani otal ya sa musu hannu. Sauran huɗun saura musu sati biyar kafin ranar jirgi. Na ce duk mai so ta zo kicin ɗina. Uku suka zo kullum. Rabi ta yi kwana huɗu ba ta zo ba, rana ta biyar ta shigo ba ta gaishe ni da Farfesa ba, ta ɗauki muciya. A sati biyar ɗin nan na juye musu duk abin da na sani: na dabino, na inabi, na ɓawon abarba, yadda ake gane fumfuna mai kashe randa da farin tantanin da ba ya cutarwa, yadda ake tafasa kwalba kafin a ɗura. Na rubuta wa kowacce wasiƙa da hannuna cewa ta koyi yin khal a wajena kuma ta iya. Na san ba kwalejin da za ta karɓi wasiƙar matar gida, amma ita ce gaskiyar da nake da ita.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Labari ya riga ni isa kasuwa, kuma a karkace ya isa: wai Maman Amira tana dafa giya a jami'a. Matan alhazai da yawa suka daina aiko yara. 'Yar Maraɗi ce kaɗai ba ta fasa ba, ita ce ma ta riƙa bin mutane tana faɗa da su. Randuna tara na rage zuwa uku. Sashen su Dakta bai sake samun tallafin ba, shekarar da ta biyo baya ya koma gida. Kafin ya tafi ya zo sallama, ya ce duk inda ya sake faɗar kalmar nan sai ya ƙara da, "mai sa maye nake nufi." Sai da aka yi azumi biyu kafin masu sayena su dawo, ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana yi kamar tafiya ta yi.

Rabi ba ta samu gurbin ba, an ba wani. Ta yi kusan shekara tana neman a mayar da ita firamare, da ƙyar aka ɗauke ta a wata makarantar kuɗi a bayan gari. Na sha aika mata gaisuwa, amsarta ba ta wuce "Lafiya lau, na gode."

Da muka je gida hutu bayan shekara uku, na ce wa Baban Amira sai na je Funtuwa. Na same ta a gidan haya mai ɗaki biyu. Ta shimfiɗa min tabarma, muka gaisa, gaisuwar ta ƙare. Na ce na zo ne in ba ta haƙuri, ba don na canza magana ba, sai don nauyin a kanta ya sauka ba a kaina ba. Ta miƙe tsaye. Ta shiga ɗaki ta fito da kofi da cokali. A bayan ƙofa na hango manyan kwalabe biyar a jere. Ta ce khal ne, na rake da na mangwaro, tana sayar wa masu abinci a tasha, ranar Asabar kuma 'yan mata takwas na unguwa suna zuwa koyo.

"Ɗanɗana."

Na duba launinsa a haske, na shinshina, na kurɓa na riƙe a baki. Tana tsaye a kaina, hannu a ƙugu.

Na ce, "Kin yi saurin tacewa. Da saura kwana goma."

Ta ƙura min ido. Sai ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Kai, Farfesa! Kin hana ni takarda, kin biyo ni har gida kin kayar da ni jarrabawa!"

Ta ƙwala wa babbar 'yarta kira ta ce a ɗora tukunya, baƙuwar nan kwana za ta yi.